Birin da Ya Sha Allura Kafin 'Ya'yanmu

A ƙasar Rano da Kibiya, duk wanda ya riƙe fartanya shekara 50 da suka wuce ya san damina da abokan gaba biyu: biri da rana, sauro da dare. Da zarar masara ta yi goyo, gyaɗa ta fara ƙosawa, aikin yara ya samu. A kafa musu rumfa a tsakiyar gona, a ba su majajjawa da tsohuwar garwa, su wuni suna kiɗa suna ihu. Jan biri ne ya fi yawa, mai dogayen ƙafafu da gudun tsiya, wanda ya fi son fili a kan hawa bishiya. Kirka yana bin bakin rafi da manyan itatuwa. Bika kuwa daga kan duwatsu suke saukowa garke guda, kuma ba su cika tsoron yaro ba sai sun hango babba da kare. Masu gona a gindin duwatsun Rurum sun fi kowa sanin wannan wahala. Wanda ya makara da asuba sai ya tarar an karya masa kunya uku ko huɗu, an ɓare masarar, an ci rabi an yar.

Yau yaro zai iya girma a Kibiya ko Tarai har ya gama sakandare bai taɓa ganin biri a gona ba, sai dai na hannun mai wasa da biri ranar kasuwa, da igiya a ƙugu, ko na gidan zu na Audu Bako in makaranta ta kai su birni. Noma ya cinye saura da daji, masu gawayi sun bi bishiyoyin, masu fasa dutse sun hau duwatsun, mafarauta sun ƙarasa abin da ya rage. Mai son ganin garke sai ya nausa kudu zuwa dajin Falgore, can ɗin ma ba kullum ba. Sauro kuwa bai je ko'ina ba, ƙaruwa ma ya yi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo ta Ruwan Kanya ya gangara filayen Kadawa da Bunkure da Kura, muka sami shinkafa da tumatir da alkama rani da damina, kuma babu mai hankalin da zai raina wannan alheri. Amma ruwan da ke kwance a fangalin shinkafa cikin watan Maris masauki ne da sauro ba shi da shi a da. Zazzaɓin da muka sani da tsakiyar damina zuwa kaka ya sami wurin yin rani.

A lokacin ƙuruciyarmu ba a cewa sauro ne ke kawo shi. Cewa ake yi sabon hatsi ne, ko ɗanyar masara, ko dukan ruwa, ko yawon rana. Babba ya yi sirace da ganyen darbejiya da na gwanda da rai-ɗore, ya sha jiƙo, ya lulluɓa ya yi gumi, bayan kwana uku ya koma gona. Ƙananan yara ne ba sa tashi. Jiki ya yi zafi da la'asar, kafin asuba yaro ya fara taune-taune, idanu su kafe, a ce iska ce, a nemo turare da rubutu. Da yawa daga cikin iyayenmu mata sun haifi goma sun raini biyar, in ka tambayi lokacin da sauran suka koma, amsar ba ta wuce "da kaka" ko "ana tsakiyar ruwa". Daga baya kulorokwin ya iso, a sha-ka-tafi da kantin mai kemis, ga ɗaci, ga ƙaiƙayin da ke hana wasu barci, amma yana aiki. Ma'aikata da 'yan makarantar kwana kuma suna haɗiyar Daraprim duk ranar Lahadi.

Abin da ya sa na haɗa biri da sauro a waiwaye ɗaya shi ne, a daidai shekarun da muke jifan biri da majajjawa, danginsa a Kalkata da Landan da Panama da Amurka suna cikin keji, ana sa musu irin cutar da ke ɗauke mana ƙanne don a gane yadda take. Wani babban kaso na abin da malamin asibiti a Rano yake faɗa wa uwa yau game da maleriya, a jikin biri aka fara ganinsa. Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, ga shi kuwa ba a ba da shi a makaranta, ba a ba da shi a rediyo.

An ga ƙwayar cutar tun 1880, lokacin da wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya hango ta da madubin likita cikin jinin wani soja a garin Konstantin na Aljeriya. A 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya, shekara ta gaba ya bi zagayenta kaf a jikin tsuntsaye, masanan Italiya kuma suka tabbatar cewa sauron Anofilis ne ke ɗauko ta daga mutum zuwa mutum. Sai dai wani giɓi ya rage wanda ya gagari masana har shekara 50. Sauro zai ciji mutum yau, a ɗebi jininsa gobe da jibi da gata a duba, babu komai. Sai bayan mako guda ko fiye ƙwayoyin su bayyana, zazzaɓi ya biyo baya. Ina suke ɓuya a tsakani? Ba dama a yanka lafiyayyen mutum a bi kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya ana nema.

A 1947 wani likita Bature mai aiki a Kenya, Cyril Garnham, ya ga wata ƙwaya dangin ta maleriya tana girma a hantar biran can, waɗanda kusan ɗaya suke da kirkanmu. Da ya koma Landan, shi da Henry Shortt suka tara ɗaruruwan sauro masu ɗauke da maleriyar birai, suka sakar wa wani birin Indiya, irin wanda ake kira resus. Bayan mako guda aka kashe birin, aka yayyanka sassan jikinsa siri-siri ana dubawa. A hanta aka same su, dunƙule-dunƙule, kowanne cike da dubban 'ya'ya suna jiran fashewa su shiga jini. Wannan a farkon 1948 ne, kuma ba a jima ba aka tabbatar da haka yake a jikin mutum. Alluran rigakafin maleriya biyu da ake yi wa yaran Afirka yau, RTS,S da R21, a kan wannan sani aka gina su: a tare ƙwayar tun tana hanya daga bakin sauro zuwa hanta, lokacin da ba ta da yawa, kafin ta hayayyafa ta mamaye jini.

Garnham bai tsaya nan ba. A 1980, ya riga ya tsufa, shi da wani likitan Amurka mai suna Wojciech Krotoski suka sake komawa hantar resus, suka gano cewa wasu ƙwayoyin kwanciya barci suke yi a can, wata da watanni, sannan su farka. Shi ya sa wasu ire-iren maleriya, wato bibaks da obale, ke dawowa ba tare da sabon cizo ba, kuma obale ɗin akwai shi a Afirka ta Yamma. Maganin tafenokwin mai kashe masu barcin, wanda aka amince da shi a 2018, a jikin resus aka fara zaɓo shi daga cikin 'yan uwansa. Akwai kuma wata ƙwaya da Robert Knowles da Das Gupta suka yi bayaninta a Kalkata a 1932, wadda daga baya aka sa mata sunan Knowles. Da ita ne Louis Miller ya nuna a 1975 cewa jajayen ƙwayoyin jinin yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata ƙofa da ake kira Duffy, shekara ta gaba kuma aka tabbatar ta wannan ƙofa bibaks ke shiga. Dalilin da ya sa maleriyar da ta addabi Indiya da Pakistan da Habasha ba ta cika samun wurin zama a jikin Bahaushe ba ke nan. Sirrin jininmu ne, ta hanyar cutar biri aka gano shi.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a zo Rurum a kama bika, ga su nan a banza suna ɓarna? Amsar tana jikin ƙwayar da ke kashe mu. Falsifarum, wadda ita ce fiye da kashi 90 cikin 100 na maleriyar Najeriya, mai zaɓen masauki ce ƙwarai. Ba ta zama a jinin jan biri, ko kirka, ko bika, ko shi kansa resus, duk da binciken da aka buga a 2010 ya nuna daga jikin gorila ta tsallako zuwa ɗan Adam tun zamani mai nisa. Sai a 1966 da 1967 aka gano cewa wani ɗan ƙaramin biri na dazukan Panama da Kolambiya da Peru, mai dara-daran idanu, mai yawon dare, wanda nauyinsa bai fi kilo 1 ba, yana karɓar maleriyar mutum. Sunansa Aotus, kuma tun daga lokacin shi ne ya fi ɗaukar nauyin wannan aiki. Daga jininsa ne William Trager da James Jensen suka ɗebi ƙwayar falsifarum, a 1976 suka iya raya ta a faranti cikin jinin mutum a Jami'ar Rockefeller ta New York, suna rufe farantan a tulun gilashi tare da kunnannen kyandir don ya rage iskar da ke ciki. A ƙasarmu ma an taɓa sauke resus daga Indiya, a Yaba ta Legas a 1927, sai dai wancan binciken shawara ne. Ƙwayar da aka samo a jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, aka raya ta a jikin biran, ita ce tushen allurar shawara da ake yi har yau. Ɗaya daga cikin masu binciken, Adrian Stokes, cutar ta kashe shi a Legas a wannan shekarar.

A Arewa kuwa filin gwajin ƙauyukanmu ne. A 1954 aka fara fesa maganin sauro a ɗakunan yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, ba a yi shekara biyu ba aka tarar sauron Ambursa ya daina jin diyaldirin. Sannan aikin Garki ya zo, daga 1969 zuwa 1976, lokacin Garki tana cikin Jihar Kano kafin a yanki Jigawa. Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka kashe fiye da dala miliyan 6, aka fesa maganin furofokza a ƙauyuka 164, a wasu kuma aka haɗa da raba ƙwayoyi ga kowa da kowa, babba da yaro. Ana ɗibar jinin yatsa a kai a kai a wurare irin su Sugungum da Rafin Marke, ana zama da dare ana kama sauron da ya sauka a ƙafar mutum ana ƙirgawa. An gano cewa a wasu ƙauyukan mutum ɗaya kan sha cizo mai ɗauke da cuta sama da sau 100 a shekara. Inda aka haɗa feshi da ƙwayoyi, cutar ta faɗi ƙasa warwas, mutuwar jarirai ta ragu. Da aka janye hannu, ta dawo inda take. Hukuncin da Molineaux da Gramiccia suka rubuta a 1980 mai ɗaci ne: da kayan aikin wancan zamani ba za a iya katse maleriya a irin ƙasarmu ba, ko da kuɗi da ma'aikata sun wadata. Ni ina ganin wannan hukunci shi ne amsa ga duk mai ganin ɓata lokaci ne a zauna ana nazarin jinin biri a wata uwa duniya. Garki ta nuna ana bukatar sabon makami, sabon makami kuwa sai an fara gwada shi a jikin wani mai rai.

Shi kansa kulorokwin da muka dogara da shi ƙarshensa ya zo. Cikin shekarun 1990 sai a sha a ƙare, zazzaɓi ya lafa kwana biyu ya dawo, har Najeriya ta sauya manufa a 2005 ta koma haɗin da ake kira ACT. Uwar wannan haɗi atimisinin ce, wadda wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka tatso daga wani tsiro dangin tazargade, ƙarƙashin wani shirin sirri da gwamnatinsu ta kafa a 1967. A ƙarshen 1971 ruwan ganyen da suka tace ya share ƙwayar cutar daga jinin ɓeraye da na birai gaba ɗaya. Kafin a ba marasa lafiya, ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu. An ba ta lambar Nobel a 2015. Ƙwayar rawayar nan da ake ba yaro a babban asibitin Rano, sau shida cikin kwana uku, da allurar atesunet da ke farfaɗo da wanda ya riga ya sume, ta wannan hanya suka biyo: ɓera, biri, mai binciken kansa, sannan maras lafiya.

Amma Bahaushe ya ce biri ya yi kama da mutum, bai ce mutum ne ba, kuma tarihin nan ya gaskata shi. A 1987 wani masani ɗan Kolambiya, Manuel Patarroyo, ya sanar da allurar SPf66, wadda ta kare biran Aotus a cibiyarsa ta Letisiya a bakin kogin Amazon. Duniya ta ɗauka, aka yi ta murna. Da aka kai ta ga yaran Tanzaniya, sakamakon 1994 ya nuna kariyar kusan kashi 31 cikin 100. A Gambiya a 1995 abin bai taka kara ya karya ba. A Tailan a 1996 babu kariyar sam. Haka aka nannaɗe ta aka ajiye. Birin da aka yi wa allurar cuta sau ɗaya a keji daban yake da jaririn da sauro ke cizo kowane dare, ga ƙarancin abinci, ga tsutsar ciki, ga sikila a wasu. Gwajin biri yana iya cewa wannan magani guba ne, kada a matsa, ko ya ce wannan akwai alamar alheri, a ci gaba. Ba ya iya cewa zai ceci yaron Fammar ko na Saji. Wannan amsar sai a jikin yara irinsu.

Akwai kuma haƙƙin shi birin, wanda ba na so in wuce shi da sauri. Mun taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Biri dabba ce mai dangi, mai goyo, mai shayarwa, mai jimamin rabuwa. Duk wanda ya taɓa ganin uwar biri rungume da gawar ɗanta kwana da kwanaki ya san haka. A shekarun 1950, lokacin da ake haɗa allurar shan inna, Indiya tana fitar da resus fiye da 100,000 a shekara, har suka fara ƙaranci a dazukanta. A 1978 ta hana fitar da su, bayan ta ji ana gwajin makamai da su a Amurka. A Kolambiya, wata mai kare dabbobi, Angela Maldonado, ta kai ƙara cewa ana tsallako da Aotus daga Peru da Burazil ba bisa ƙa'ida ba, kotu ta janye izinin cibiyar Patarroyo a 2013, daga baya aka mayar da shi bisa sharuɗɗa. Tarayyar Turai ta hana gwaji da manyan birai masu kama da mutum a dokarta ta 2010, hukumar binciken lafiya ta Amurka ta sallami nata cimfanzi a 2015. Ra'ayina shi ne larura ce ta halatta wannan aiki, kuma larura da gwargwadonta ake auna ta. Inda faranti ko ɓera zai wadatar, taɓa biri zalunci ne. Inda babu makawa, to a yi da kaɗan, waɗanda aka haifa a gidan kiwo, a kashe musu zafi, a ciyar da su, kuma a bayyana sakamakon ko da bai yi daɗi ba, don kada wani ya sake maimaita wahalar a banza. Amma wanda zai ce a daina gaba ɗaya tun yanzu, ya zo ya tsaya a ɗakin yara na kowane asibitin kudancin Kano cikin watan Satumba, ya ga uku a gado ɗaya ana neman jinin ƙari. A 2023 maleriya ta kashe mutum kusan 597,000 a duniya, kusan kashi 31 cikin 100 a Najeriya, mafi yawansu ba su kai shekara 5 ba.

Mu Kanawa ba ma jin kalmar gwaji da sanyin zuciya, kuma da dalili. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne a cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon da abin ya bari yana cikin abubuwan da suka sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, kuma yara da yawa sun gurgunce a wannan tsakani. Har yau idan masu rabon magani suka yi sallama a ƙofar gida, akwai maigidan da zai leƙo ya ce, a kanmu za a gwada? Ban taɓa ganin laifin tambayar ba. Abin da ke damuna shi ne a tsaya a kanta, a rufe ƙofa. Mai wannan tambaya ya cancanci a zauna a zaure a ba shi amsa: wannan magani shekara nawa ya yi a faranti, wace dabba ta sha shi, manya nawa suka karɓa da yardarsu, yaran wace ƙasa suka riga namu, wace hukuma ta duba. Duk mai tafiya Rano daga birni yana wuce Kwanar Dawaki kafin ya karya ta Karfi, kuma a nan cibiyar binciken da aka gina da wani kaso na kuɗin sulhun take. Ya kamata ta zama wurin da irin waɗannan amsoshi ke fitowa da Hausa.

Domin zamanin biri yana ja da baya, aikin yana matsowa kusa da mu. Yanzu ana dasa wa ɓeraye ƙwayoyin hantar mutum a yi nazari da su. Tun daga 2012 a Bagamoyo ta Tanzaniya, sannan Kenya da Gabon, manya masu lafiya suna yarda a sa musu maleriya da gangan, likita na tsaye, a warkar da su da zarar ta leƙo, don a auna allura cikin makonni. Har yanzu birin bai fita kwata-kwata ba. Wata sabuwar allura mai suna RH5, wadda ke tare ƙwayar a cikin jini, ta fara nuna kanta a jikin Aotus a Peru a 2015, sannan a 2024 ta ba yaran Nanoro ta Burkina Faso kariyar kashi 55 cikin 100. A Maleshiya kuma, inda aka sare dazuka aka matsa wa birai, ƙwayar Knowles ɗin nan da aka ɗauka ta keji ce kawai ta zama maleriyar da ta fi kama mutane, abin da Balbir Singh da Janet Cox-Singh suka fallasa a Kapit a 2004. Amma dubi inda aka yanke hukuncin R21: a Nanoro, a hannun Halidou Tinto da 'yan ƙasarsa, a wani gari na Sahel mai damina irin tamu da talauci irin namu. Hukumar NAFDAC ta amince da ita a Afrilun 2023, aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, shekara 70 bayan feshin farko a ƙasar Birnin Kebbi.

An samu ci gaba, kada mu ƙi faɗa. Ƙididdigar ƙasa ta nuna yaran da ake samun ƙwayar a jininsu sun ragu daga kashi 42 cikin 100 a 2010 zuwa 22 a 2021. Kano na cikin jihohin da aka fara rabon gidan sauro gida-gida a 2009, rabon maganin damina ga ƙananan yara kuma, wanda aka fara a Katsina a 2013, ya karaɗe mu. Sai dai malaman Jami'ar Bayero sun nuna sauron yankin noman rani ya fara raina maganin da ke jikin gidan sauron, irin abin da ya faru a Ambursa. Abin da Nanoro ta yi babu abin da zai hana ƙasar Rano ta yi. Muna da shinkafar rani, muna da sauron, muna da yaran, muna da jami'a a Kano da Wudil. Ina roƙon gwamnatin jiha da masarautar Rano da attajiranmu su ɗauki nauyin 'ya'yan Rano da Kibiya da Bunkure masu karatun kimiyya har su ƙware a ilimin sauro da na jini, a kuma kafa musu wurin aiki a nan gida, don ranar da za a zo da sabon magani ya zama mai riƙe da takardar neman izini ɗanmu ne, mai jin kunyar idon dagaci da liman, wanda zai ci gaba da zama a garin bayan an gama.

Ku kuma iyayenmu mata da matanmu, maganin damina na kwana uku ne a kowane zagaye. Na ranar farko a gaban mai rabo ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannunku yake, kada a ajiye shi a kan langa don yaro ya ga kamar lafiyarsa ƙalau. Jiki in ya yi zafi a kai shi a gwada jini a ranar, kada a jira taune-taune. Allurar R21 kuma, a duk inda ta isa, sau huɗu ake yin ta: yaro yana wata 5, wata 6, wata 7, sannan wata 15. Ku riƙe katin, ku cika ta huɗun.